Mai Aski da Gilashin Kafinta

Kujera biyu ce a shagon Baba Mai Aski, amma kada ka kuskura ka ce daidai suke. Ta bakin taga, mai jar fatar nan da ta tsattsage har soso ya leƙo, ita ce tasa. Ta lungu, kusa da bahon wanke kai, ita ce ta babban ɗansa, wanda duk layin ke kira Dogo. Dogo fa ba yaro ba ne, magidanci ne har 'ya'yansa sun shiga makaranta, amma a wurin ubansa har yau hannunsa bai nuna ba. Yara da masu sauri su ne rabonsa. Manyan kawuna kuwa, na tsofaffin abokan ciniki, Baba ne kaɗai ke taɓa su. In ya gama sai ya kwance mayafin wuya ya fita waje kaɗewa, ya bar wa Dogo share ƙeya da shafa hoda.

Kaɗe mayafin nan kuwa aiki ne mai zaman kansa. Baba zai tsaya bakin titi ya ba shago baya, ya gaisa da mai gyaran waya, ya tsokani mai facin taya, ya tambayi lafiyar iyalin duk wanda ya gifta. A daidai lokacin ne kuma Dogo ke ƙure rediyo, abin da ya fi komai ƙona wa Baba rai.

"Kai Dogo, shago ne wannan ko gidan rawa?"

"Labarai nake ji, Baba."

"Labaran da ba sa zuwa sai na fita? Kuma shafa hoda kawai, sai ka ce fenti kake yi wa gida!"

Ko nasa kan ma Baba ba ya miƙa wa kowa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shi ke aske kansa da madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, in ya gama ya yaba wa kansa. Matarsa, Maman Dogo, ba ta taɓa cewa uffan a kan askin ba. Ita dai ba ta gajiya da saya masa hula, kuma ko bakin ƙofa zai leƙa sai ta biyo shi da ita.

To, akwai abin da Baba ya binne a cikinsa bai gaya wa kowa ba. Duniya ta fara yi masa dishi-dishi. In ya zo fitar da layin goshi sai layin ya rabu biyu, ya rasa wanne zai bi, ya zaɓi ɗaya ya yi bismilla. Wata safiya ma ya tsaya ƙofar tela ya kwararo gaisuwa ga mutum-mutumin da ake rataya wa riga, har ya tafi yana mitar mutanen yanzu ba su da tarbiyya. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi isa.

"Baban Dogo," in ji matarsa tana zuba masa ruwan wanke hannu, "ka je a auna idon nan."

"Idona ras yake."

"Shi ya sa ka gaida itace."

"Itacen ne aka sa wa riga. Laifin tela ne."

Da Dogo ma ya sa baki washegari, a hankali, yana goge almakashi, ya ce akwai wurin gwaji nan kusa zai raka shi, sai Baba ya galla masa harara. Ato, ya gane! Sun haɗa baki. Za a kai shi gaban likita, likita ya leƙa ya ce ido ya ƙare, a dawo da shi gida a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, jikoki su riƙa hawa kansa, Dogo kuma ya ɗare kujerar bakin taga. Maganar gaskiya tsoro yake ji, tsoro na sosai. Mutumin da tun yana saurayi yake tsaye a bayan wannan kujera, in aka raba shi da ita, wane ne shi?

Sai ya yanke shawara irin ta masu taurin kai: zai nemi gilashi, amma likita ba zai ga ƙwayar idonsa ba.

Ya tsallake shagon tabarau na kusa, ya je wani can nesa inda ba wanda ya san shi. Wuri ne tas-tas, ga gilasai jere a bango, ga sanyi na busowa. Wata matashiya ce a bayan kanta, da fara'arta.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a ba ka?"

Ya matso ya rage murya. "'Yata, an ce akwai wani ɗan mitsitsin gilashi da ake mannawa a kan ƙwayar ido, ba wanda zai san ka sa. Shi nake so."

"Akwai, Baba. Ina takardar gwajinka?"

"Wace takarda kuma? Ni saye na zo."

"Ai ba ma sayarwa sai da takardar likitan ido. Na mannawar nan ma ya fi tsanani, don shi a kan idon yake zama, sai an auna faɗinsa da lanƙwasarsa, an koya maka sawa da cirewa. In ba haka ba, garin neman gira a rasa ido."

Baba dai bai zo da wasa ba, ya shirya wa wannan. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, wadda ya ɗauko daga akwatin matarsa. "To a ba ni na sagalawa a kunne. Ga takarda."

Yarinyar ta duba, ta ɗago ta dube shi, ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. "Baba, wannan ai ta mace ce."

"Ta iyalina ce. Tun ba a haife ki ba muke gida ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya. Abin da na gani shi ta gani. Idon ai ya zama ɗaya."

"Allah ya ƙara danƙon zama, Baba. Amma kai kanka idonka na dama da na hagu ba lallai awonsu ya zo ɗaya ba, balle na wani. Kuma takardar ta tsufa, ko ita mai ita ce ta zo sai ta sake gwaji. Ga ɗakin likita nan ciki, yanzu-yanzu za a gama maka."

Baba ya dubi ƙofar ɗakin kamar an nuna masa bakin rijiya. Ya ce ya bar ruwa a wuta. Wane ruwa, wace wuta? Ya fice bai waiwaya ba.

Bai zame ko'ina ba sai rumfar amininsa Kafinta. Shi Kafinta tun yana yaro yake sa gilashi, mai kauri kamar gindin kwalba, in ya cire shi ko matarsa ba ya ganewa sai ta yi magana. Mutumin kirki ne ƙwarai, matsalarsa ɗaya: bai taɓa jin muguwar shawara ya ce a'a ba. Ya ajiye zarto, ya saurari ƙorafin Baba har ƙarshe, ya shafa gashin bakinsa, wanda yake ji da shi fiye da rumfar gaba ɗaya.

"Mutumina, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ni tawa takardar sabuwa ce fil. In je in ce ina son na biyu, in zaɓo maka mai kyau. Kuma ka san nawa ba na wasa ba ne. Gilashin da ya ishe ni, ai kai ya yi maka yawa ma."

Wannan lissafi ya kwanta wa Baba. A ganinsu gilashi kamar ƙwan lantarki ne, mai ƙarfi ya fi haske. Kafinta ya je, aka karɓi takardarsa ba gardama, tunda tasa ce, kwanaki kaɗan ya dawo da gilashi a ɗan akwati, an naɗe shi a jarida kamar kayan sata.

Ranar gwada shi ta faɗo daidai, don Dogo ya tafi sayo bakin injin aski. Baba ya sagala gilashi a kunne. Wayyo! Shagon ya tsuke ya koma can nesa, ƙasa ta karkace, kujerar bakin taga ta zama kamar ta wasan yara. Ya miƙa hannu zai dafa bango, bangon ya ƙi zuwa.

"Yaya ka gani?" in ji Kafinta.

"Kamar ina leƙen duniya ta ramin makulli."

"Haka yake. Sabon gilashi kamar sabon takalmi ne, sai ya ɗan cije ka kafin ku saba. Zo ka fara da ni, dama gobe zan je ganin surukaina."

Ya ɗare kujera, ya cire nasa gilashin ya riƙe a cinya. Ka ga an haɗu ke nan: mai aski ba ya gani, wanda ake yi wa ba ya gani. Inji ya ɗauki ƙugi. Baba yana jin kansa na juyawa, amma girman kai ya hana shi tsayawa. Ya bi abin da yake zaton ƙeya ce, ya zagayo abin da yake zaton kunne ne, ya zo gyaran fuska, inda aski ya fi zafi. Ya auna gefen gashin baki, ya kai hannu. Sai ya ji injin ya ci wani abu mai yawa.

Kafinta ya ji iska na kaɗa inda ba ta saba kaɗawa ba. Ya mai da gilashinsa a hankali. A madubi ga wani mutum, rabin gashin bakinsa na nan da kwarjininsa, ɗaya rabin fili fetal, ga wata hanya ta ratsa daga kunne ta haura tsakiyar kai.

"Innalillahi! Ina Dogo?"

"Me Dogo zai yi maka? Ni na yi askin."

"A'a, ba komai." Kafinta ya waiga lungu. "Rediyo nake so a kunna."

"Ana wannan bala'i kana ta rediyo?"

Ana cikin haka sai ga Maman Dogo da kwanon abincin rana. Ta dubi Kafinta, ta dubi mijinta da idanunsa suka koma ƙanana a bayan gindin kwalba, ta ajiye kwano a hankali, ta zauna a benci ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta share ido, ta miƙa hannu.

"Ba ni kayan mutane. Kayan aro ai ba ya rufe katara. Yau gashin baki ne, gobe kunnen wani ne. Tashi mu je."

"Maman Dogo, in suka ce ya ƙare fa?" Muryarsa ta yi ƙasa, yadda ba ta taɓa ji ba a gaban baƙo.

"In ya ƙare, ya ƙare ko an faɗa ko ba a faɗa ba. In kuma bai ƙare ba, kana azabtar da kanka a banza. Gyara hularka."

Shagon nan na nesa suka koma, don Baba ya ce in za a yi abin kunya gara a yi inda aka fara. Yarinyar nan ta bayan kanta ta gane shi, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko ruwan ya tafasa. Ya kau da kai kamar bai ji ba.

Likitar ido mace ce mai sanyin magana. Ta zaunar da shi a wata doguwar kujera, ta ɗaga ta da ƙafa, abin da ya ba shi haushi, don shi ya saba ɗaga mutane. Ta haska masa fitila a ido, ta sa ya kafa haɓa a jikin wata na'ura, sannan ta ɗora masa wani ƙaton tabarau na ƙarfe tana zura gilasai tana zarewa.

"Wannan ya fi, Baba, ko wannan?"

"Duk ɗaya."

"Wannan fa?"

"Wanne ne amsar daidai?"

"Ba jarrabawa ba ce, Baba. Ba a faɗuwa."

Ta zura wani, ta ɗan murɗa shi. Baba ya ƙura wa allon gwaji ido. Baƙaƙen da ke jikin allo, waɗanda ɗazu suke kamar tururuwa ta bi ta cikin tawada, suka miƙe tsaye kowanne da gefensa, kai ka ce da aska aka fitar musu da layi.

"Tsaya nan, 'yata. Kada ki taɓa."

Ta yi dariya, ta gwada ɗaya idon, ta auna na karatu, ta auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu. Ta ce idon lafiyarsa ƙalau, shekaru ne kawai, kuma na hagu ya fi na dama gajiya, shi ya sa layi ke rabuwa biyu. Za a yi masa mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa. Ta ce ya riƙa dawowa ana dubawa, don ido ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Baba ya yi gyaran murya. "Aski fa?"

"Wane aski?"

"Sana'ata ce. Zan ci gaba?"

"Me zai hana? Sai ma ka fi da."

A hanyar gida ya saya wa Maman Dogo lemo ba ta roƙa ba.

Kafin gilashin ya fito, Baba ya ce bayansa na ciwo, ya zauna a benci yana ba da umarni. Dogo ya yi ta aski a lungunsa, manya da yara, layi har waje. Kujerar bakin taga kuwa kullum da safe sai ya goge ta, ya bar ta ba kowa. Baba ya lura, amma ya ce a ransa wayo ne.

Ranar karɓa ya je shi kaɗai. Yarinyar nan ta bayan kanta ta ce ya ɗan cire hula ta daidaita masa hannayen gilashin a bayan kunne. Ya cire. Ta sagala masa, ta juyo da madubi.

Ya ga wani tsoho da bai san ya tsufa haka ba. Wannan bai dame shi ba. Kan ne! Layin goshi ya taso daga dama ya gangara hagu kamar hanyar dutse, saje ɗaya ya sauko har muƙamuƙi, ɗaya ya tsaya a kunne, ga tsibirai na gashi nan da can. Ya karɓi ƙaramin madubi ya leƙa ƙeya, ya yi saurin ajiyewa. Da wani ne ya yi wa mutum wannan aski, da Baba ya ce a ƙwace masa inji. Yanzu ya gane hulunan Maman Dogo. Ya mai da hularsa, ya ja ta har gira.

Haka ya shigo layinsu. In nasa kan haka yake, to na mutane fa? Ya fara bin kawuna da kallo. Ga mai gyaran waya, wanda shi da hannunsa ya aske kafin wannan tashin hankali: ƙeya tsaf, layi kamar an ja da zare. Ga mai facin taya, shi ma haka. Ga tela, saje biyu daidai wa daida. Baba ya saki ajiyar zuciya. Ashe hannu ne ke aikinsa ko ba ido! Nasa kan ne kawai ya sha wuya, saboda madubi biyu. Ya shiga shago yana taku ɗaiɗai.

Wanda ya tarar yana jira kuwa Kafinta ne, fuska fayau ba gashin baki, ya zo a daidaita masa abin da ya tsiro. Ya dubi sabon gilashin, ya dubi Dogo, ya hau kujerar bakin taga kamar mai hawa gadon asibiti.

Baba ya ɗauki inji. Kai, ranar ya ji daɗin aski! Kowane silin gashi yana ganinsa, layi ɗaya ne tak, ya bi shi ya fitar da shi. Ya gama, ya ja da baya, ya san ya yi aiki. Ya kwance mayafi ya fita kaɗewa kamar kullum.

Bai kai ga gaida kowa ba rediyo ta ƙure.

Ya juyo a fusace zai yi faɗa, sai ya tsaya. Da can in ya waiwayo, tagar nan haske kawai take yi masa. Yau har cikin shagon yake gani. Kafinta ya sunkuyar da kai tun ba a ce masa ba, irin sunkuyon wanda ya saba. Dogo kuwa yana tsaye a bayan kujerar bakin taga, ba hoda a hannunsa, inji ne yana aiki, rediyo ta danne ƙuginsa. Ya duba ƙeya. Ya leƙa bayan kunnen dama, ya zagayo na hagu, ya ɗago haɓar Kafinta ya auna layin goshi da ido. Ya sake zagayawa. Bai sami inda zai taɓa ba. Ya kashe injin, ya tsaya yana kallon kan, sannan ya sa bayan hannu ya goge idonsa.

Baba ya juya ya dubi titi. Mai gyaran waya ya yi saurin sunkuyawa kan aikinsa. Mai facin taya ya kama buga tayar da ba ta yi masa komai ba. Ashe duk sun sani. Duk layin nan, mutum bayan mutum, sun zauna sun ba shi kai ya yi yadda ya ga dama, sun jira a ƙure rediyo, sun fito sun ce masa, "Baba, hannunka na nan." Shi kuma yana zargin yaron da son kujera. Kunya ta kama shi, da wani abu mai zafi a ƙirji wanda ba kunya ba. Ya yi ta kaɗe mayafin da tuni ba ko sili a jikinsa.

Da ya shigo, Dogo ya riga ya ɗauki hoda yana shafawa. Kafinta ya sauka, ya sa gilashi, ya dubi madubi. "Mutumina, hannunka na nan," in ji shi, ya sake leƙa madubin. "Yau kam da gaske."

Baba bai kula shi ba. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo. Ya hau kujerar bakin taga ya zauna, ya ɗaura wa kansa mayafi a wuya, ya cire hula ya ajiye a cinya.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"Zo ka gyara wannan. Shi kaɗai ya rage maka a layin nan."

Dogo ya tsaya da gwangwanin hoda a hannu.

"Ka zo mana, haske ya fi a nan. Kuma ba sai ka kunna rediyo ba."